Kifayen adona suna tofar da abinci tun da hunturu ya shiga, me kowannensu yake ci ne?

Maman 'Yan Biyu, Unguwar Rogo

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san kiwon kifin ado. Tankin gilashina tsawonsa santimita 60, faɗi 30, tsayi 35, yana cin ruwa kamar lita 55 in an cire tsakuwa. A ciki akwai golfish biyu masu ƙaton ciki da jela biyu, kowanne ya kai tsawon ɗan yatsa ban da jelar, sai gofi shida, ƙananan nan masu jela kala-kala, sai fileko ɗaya, mai manne wa gilashin nan. Akwai kuma kifin beta ɗaya a kwalba daban. Filtar soso ce da famfon iska, babu hita mai ɗumama ruwa.

Abinci ɗaya nake ba su duka, na tarwada mai milimita 2, wanda ake aunawa a leda. Rabin cokalin shayi sau uku a rana. Yara kuma sukan jefa musu ɓarɓashin burodi. Tun da sanyin nan ya kankama ga abin da nake gani: golfish ɗaya in ya ci sai ya taso saman ruwa, gindi sama kai ƙasa, ya kasa nutsewa sai can da yamma. Gofi su ɗauki ƙwaya su tofar. Beta ko kallon abincin ba ya yi. Fileko kuwa ban taɓa ganin ya ci ba, an ce mini kashin sauran yake ci. Ruwan yana yin fari-fari kwana biyu bayan canji, yana ƙarni.

Abincin ne ba sa so, ko ciwo ne? Kuma me ya kamata kowanne ya ci?

Mai Akwariyom, Bukuru

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin a je ga wane abinci, a fara da nawa, don nan ne ɓarnar ta fi yawa. Golfish mai girman da kika faɗa bai wuce giram 15 zuwa 20 ba. Gofi shida in aka haɗa su ba su kai giram 5 ba. Kifin ado da ya girma abin da yake buƙata a rana bai wuce kashi 1 cikin 100 na nauyinsa ba, wato duk tankin nan rabin giram ya ishe shi. Rabin cokalin shayi sau uku ya kai giram 4. Kin ga ninki takwas ke nan.

Abin da ya shiga tanki ba ya ɓata. Wanda aka ci, furotin ɗin cikinsa yana fita ta kunnuwan kifin a matsayin amoniya, wadda guba ce ga kifi, wanda ba a ci ba kuma ya ruɓe a tsakanin tsakuwa ya ba da amoniyar dai. Abincin tarwada yana da furotin sama da kashi 40, don haka giram 4 nasa yana zuba wa lita 55 fiye da miligiram 2 na amoniya a kowace lita, kullum. Abin da ake so ma'aunin amoniya ya nuna sifili ne. Farin da kike gani ba datti ba ne kawai, ƙwayoyin bakteriya ne suka samu shagali suka hayayyafa, suna kuma rige kifin shaƙar iskar da ke cikin ruwan. Kifin da amoniya ta ƙona wa kunnuwa abu na farko da yake bari shi ne ci. To sau da yawa "ba ya son abincin" ruwa ne ya lalace.

Sai maganar wa ke cin me. Dubi bakin kifi, shi zai gaya miki.

Beta bakinsa sama yake kallo. A ƙasarsu, Tailan da maƙwabtanta, a fadamun shinkafa yake zaune yana jiran ƙwaro ya faɗo ruwa ko tsutsar sauro ta taso. Maci nama ne, hanjinsa gajere, garin alkama da masara ba sa yi masa amfani sosai. Abincinsa ƙanƙanin felet, wato abincin kifi mai ƙwaya-ƙwaya, mai milimita 1, mai yawo a sama, furotin kashi 40 zuwa sama. Ƙwaya uku ko huɗu da safe, haka da yamma, a bar shi rana ɗaya a mako babu ci.

Gofi ma bakinsa sama-sama ne, amma shi ya haɗa ƙwari da gansakuka. Ƙwayar milimita 2 mai tauri ta fi ƙarfin bakinsa, shi ya sa yake ɗauka ya tofar, ya sake ɗauka, yana jiran ta jiƙa. Ba ƙi ba ne, rashin iyawa ne. Fileks ake ba shi, abincin nan mai kamar ɓawon albasa, a murtsuke tsakanin yatsu. Abin da babban yatsa da manuni suka ɗan tsakuro ya ishi shida.

Golfish shi ne aka fi cuta da abincin tarwada. Dangin kifin da Turawa ke kira carp ne, ba shi da tumbi irin na tarwada da zai tara abinci ya narkar, hanji ne dogo tun daga maƙogwaro, haƙoransa ma a can cikin maƙogwaron suke. An yi shi ne don ya wuni yana tonon ƙasa, ya tsinci ɗan ganye nan, ɗan tsutsa can. Shi ya sa kullum kamar mai jin yunwa yake, ko yanzu aka ba shi, in an matso gilashin sai ya taho yana rawar jiki. Kada wannan ya ruɗe ki. Abincin tarwada an haɗa shi ne don kifi ya yi kilo ɗaya cikin wata biyar ko shida a kai shi kasuwa, furotin da maiƙo sun yi yawa, harza kuma kaɗan. Kifin da ake so ya yi shekara goma a falo in aka ɗora shi a kan wannan, kitse yake tarawa a hanta da kewayen hanji. Masu jela biyun nan kuwa dama an gajarta jikinsu wajen kiwo, hanji da jakar iskar da ke daidaita su a ruwa a cunkushe suke wuri ɗaya. Hanji ya cika ya kumbura, sai ya danne jakar, kifi ya birkice. Tunda naki yana dawowa daidai da yamma, alamar cushewar ciki ce, ba lalacewar jakar ba. Felet na golfish mai nutsewa za ki nema, furotin kashi 30 zuwa 35, ƙwaya goma zuwa sha biyar ga kowanne, sau biyu a rana, tare da ganye.

Fileko kuma, babu kifin da ke rayuwa da kashi. Wannan magana ta kashe fileko da yawa. Bakinsa a ƙasa yake kamar faifai, yana kankare gansakuka da shi, kuma da dare yake kiwo, shi ya sa ba ki ganin cinsa. Ki duba cikinsa sa'ad da ya manne a gilashi: in ya ɗan taso lafiya, in ya lotsa ciki kuma idanu sun faɗa, yunwa ta ci shi. Bayan an kashe fitila da kamar rabin awa a jefa masa rabin ƙwayar abincin ƙasa mai gansakuka, mai faɗi kamar maɓallin riga, ko yankan kokwamba. Fileko mai jin yunwa yakan bi golfish da dare ya manne a jikinsa yana tsotsar yauƙin fatarsa, da safe a ga jan tabo zagayayye. A kuma sani, irin wanda aka fi sayarwa yana wuce santimita 30 in ya girma, tankin nan ba zai ɗauke shi har abada ba.

Burodi a daina kwata-kwata. Yana kumbura a hanji, yana da gishiri da sukari da mai, ragowarsa kuma ita ta fi komai saurin farar da ruwa.

Dattijon Rayfield

Malam ya yi bayani, amma akwai abin da bai taɓo ba, kuma a Jos shi ne kan gaba. Garin nan yana kan tudu mai tsayin mita 1,200 da wani abu, a Disamba da Janairu sanyin asuba kan sauka ƙasa da digiri 12. Tankin lita 55 da ba hita, a ɗakin da ba a rufe taga sosai, yana iya wayar gari a digiri 16 ko 17. Kwalbar beta ta fi haka sanyi, don ƙaramin ruwa ya fi saurin bin iska.

Kifi ba ya ɗumama jikinsa, zafin ruwa shi ne zafin cikinsa. In ruwa ya sauka da digiri 10, aikin jikinsa yakan ragu da kusan rabi, narkar da abinci ma haka. Abin da hanji ke gamawa da shi cikin sa'o'i kaɗan a watan Maris, a Janairu sai ya kwana a ciki yana tsami yana tara iska. Ga amsar me ya sa matsalar ta fito yanzu alhali abincin bai canja ba. Umarnin da ke jikin gwangwanin abincin kifi, a ba su sau biyu ko uku a rana, an rubuta shi ne don ruwa mai ɗumi. Wanda ke Abuja zai iya bin sa kusan duk shekara. Mu nan ba haka ba.

'Yata, ki fara sayen ma'aunin zafi, na gilashi mai roba da ke manne ciki, kada ki sayi sitikar da ake liƙawa a waje, zafin ɗaki take karantawa. Ki duba da asuba da kuma la'asar har kwana uku. Daga nan:

Golfish a digiri 18 zuwa 23 yana ci sosai, sau biyu. Tsakanin 15 da 18 sau ɗaya, da rana tsaka sa'ad da ruwan ya fi ɗumi, ba da sassafe ba. Ƙasa da 15 a tsallake rana. Ƙasa da 10 a daina, ko da yake a cikin ɗaki da wuya a kai nan. Gofi da fileko 'yan ƙasar zafi ne, asalinsu Kudancin Amurka, ƙasa da 20 sai su yi sanyi, gofi ya haɗe jela ya tsaya a kusurwa, daga nan sai farin ƙurji mai kamar barbaɗen gishiri ya fito. Beta yana son 25 zuwa 27. A digiri 17 ko naman sama aka kawo masa ba zai ci ba, zai kwanta a ƙasan kwalba ne kawai.

Haɗa golfish da gofi dama ba daidai ba ne, ɗaya na son sanyi-sanyi ɗaya na son ɗumi, kuma golfish zai haɗiye duk ɗan da gofi ta haifa. Amma tunda an riga an haɗa, digiri 23 zai ɗauki kowa. Hita mai wat 75 ko 100 mai kashe kanta ta isa, a kwantar da ita kusa da inda iska ke tashi don ɗumin ya zagaya. Kada a ɗaga zafin fiye da digiri 2 a rana. Beta a fitar da shi daga kwalba zuwa abin da ya kai lita 15 ko 20 da hita mai wat 25, a rufe saman don yana tsalle.

Sai maganar wuta. Duk ranar da aka ɗauke wuta famfon iska ya tsaya, kada a ba da abinci. Kifin da ya ƙoshi ya fi mai yunwa shan iska, bakteriyar da ke cikin soso masu cinye amoniya su ma sai da iska suke aiki. Ciyarwa a lokacin kamar hura gawayi ne a ɗakin da aka kulle. A lulluɓe tankin da bargo don ya riƙe ɗumi, a bar kafa a sama. In akwai famfon iska mai caji, ya fi kowane abinci mai tsada daraja a garin nan. Wuta ta dawo, a jira awa biyu kafin a ba su, kuma rabin abin da aka saba.

Abin da za ki yi daga yau: kwana uku babu abinci ga kowa, ba abin da zai same su, lafiyayyen babban kifi yana yin mako guda bai ci ba. Ki canja kashi ɗaya cikin uku na ruwan yau, gobe ma haka, kina zuƙo dattin tsakanin tsakuwa da tiyo. Ruwan famfo a sa masa maganin kilorin, ko a bar shi a buɗe ya kwana ya wuni. Ruwan da ya kwana a duro a waje cikin hunturu kada a juye shi haka, a surka da ɗan ruwan zafi har hannu ya ji su ɗaya da na tankin. Soso a matse shi a cikin ruwan da aka kwaso daga tankin, ba a ƙarƙashin famfo ba.

Maman 'Yan Biyu, Unguwar Rogo

Na gode Baba, na gode Malam, Allah Ya saka da alheri. Na auna da asubar yau, 17 ne a tankin, kwalbar 15. Na dakatar da abincin. To bayan kwana ukun da me zan fara? Kuma abincin gwangwanin nan yana da tsada, ba kullum ake samun na golfish mai nutsewa ba. Akwai abin da zan iya haɗawa a kicin?

Anti Mai Lambu, Faringada

Akwai, 'yar uwa, kuma a nan mu 'yan Jos muka fi kowa sa'a, don kayan da ake nema a kasuwar Faringada suke a jibge.

Ranar da za ki buɗe musu baki, ki fara da fis, koren nan mai kamar 'ya'yan carbi da ake zubawa a soyayyar shinkafa. Ɗanye za ki saya, ba na gwangwani ba, shi da gishiri da sukari aka adana shi. Ki tafasa minti uku zuwa huɗu ba gishiri, har ya yi laushin da yatsa zai murƙushe. Ki matsa shi, zai fito daga fatarsa gida biyu. Fatar a yar, ita ce ke maƙale musu. Kowane ɓari a yanka huɗu. Ƙwaya ɗaya ta ishi golfish ɗaya a rana, kwana biyu a jere. Yana nutsewa, yana da harza da ruwa, sai ki ga kashi ya fito kore, gajere. Kashin golfish ma abin dubawa ne: gajere mai launin abin da ya ci, lafiya. Dogo mai kumfar iska a ciki yana jan sa a baya, an cika shi. Fari siriri kamar zare kwana da kwanaki ga rama, wannan ya wuce maganar abinci, a fara tunanin tsutsar ciki. Beta kada a ba shi fis, ba cimarsa ba ce.

Ganyen yau da kullum: alayyafo, latas, ganyen zogale ɗanye, duk a tsoma a tafasasshen ruwa minti ɗaya don su yi laushi su nutse. Kokwamba a feraye, a cire tsakiyar mai 'ya'ya don ita ke narkewa ta ɓata ruwa, a yanka kaurin santimita ɗaya, a soke da ƙaramin cokali mai yatsu na silba ya riƙe ta a ƙasa. Kabewa da karas sai an dafa su sun yi laushi. Da dare a sa, da safe a cire ragowar, kada ya wuce awa goma sha biyu. Fileko in bai saba ba yakan yi dare biyu ko uku bai kula ba, a ci gaba da sawa wuri ɗaya. A sa masa kuma guntun busasshen itacen akwariyom, yana kankararsa.

Wankin ganyen nan kada a yi masa sakaci. Lambunan rani ana yi musu feshi, kuma maganin ƙwarin da mutum ba zai ji komai ba kifi yana iya mutuwa da shi. A wanke sau uku, a jefar da ganyen waje na latas. Haka in za a fesa maganin sauro a ɗaki, a kashe famfon iska a rufe tankin da jiƙaƙƙen tawul, don famfon iskar ɗakin yake zuƙa ya tura cikin ruwa.

Ga haɗin da zai maye gurbin felet ga golfish, gofi da fileko ma suna ci:

Fis da aka ɓare giram 60, alayyafo ko zogale giram 40, karas dafaffe giram 20, tsokar karfasa da aka turara ba gishiri ba ƙaya giram 50, tafarnuwa ƙwaya ɗaya ƙarama. In ba karfasa, busasshen jatan lande, wanda 'yan kasuwa ke kira kirafish, cokali biyu, amma a jiƙa shi a sauya ruwa sau biyu don gishiri da ƙura su fita. A markaɗa duka da ruwa kaɗan ya yi laushi kamar kunu mai kauri. A wata tukunya a zuba garin aga-aga, mai sa haɗi ya daskare, giram 4, wajen cokalin shayi biyu, a ruwa mililita 150, a tafasa minti biyu ana juyawa. Sai ya tafasa yake kamawa, in an tsaya a ɗumi kawai ba zai daskare ba, nan mutane ke kuskure. A sauke, a juye markaɗen a ciki da sauri, a gauraya, a shimfiɗa a faranti kaurin rabin santimita. Cikin rabin awa ya kama ko ba firji. Ana yi da jelatin ma, giram 10, wurin masu kayan kek ake samu, sai dai shi sai da sanyi yake kamawa, a ruwa mai ɗumi kuma yana saurin saki. Aga-aga daga ciyawar teku ake yin sa, ba a shiga tambayar daga wace dabba.

A yanka ƙanana kamar ƙwayar masara. Na kwana uku a firji, sauran a firiza, wata ɗaya zuwa biyu. Kowane golfish yanka biyu ko uku a ci ɗaya, don yawancinsa ruwa ne. In wuta ta daɗe ba ta zo ba har ya narke ya yi tsami, a zubar, kada a mayar. Wanda firizarsa ba ta da tabbas ya yi rubu'in haɗin kawai.

Abin da ba a ba su: tuwo, shinkafar da ta ji mai da magi, biskit, naman shanu ko kaza. Kitsen dabbar tudu a ruwan sanyi daskarewa yake, kifi ba ya iya sarrafa shi.

Ɗan Gangare

Hajiya, beta naki ko ruwan ya ɗumama zai iya ƙin felet na 'yan kwanaki. Abin da ke motsi shi ke tayar masa da sha'awa. Tsutsar sauro ba ta da na biyu a wurinsa, biyar ko shida a ci ɗaya. Daga duron ruwan sama mai tsabta ake kwasowa da rariyar shayi, a ɗauraye, ba daga kwata ba. Ban ce a girke ruwa a bayan ɗaki ana kiwon sauro ba, cikin mako guda zuwa kwana goma sun fashe, zazzaɓi ya fi kifin tsada. In an kwasa a zubar da ragowar ruwan ko a rufe duron. Masu dunƙulallen kai kamar waƙafi su ake fara bayarwa, saura kwana ɗaya ko biyu su tashi. Yanzu da hunturu ma da wuya a samu.

Abin da ake samu kowane lokaci shi ne ƙwan atimiya, ƙananan jatan landen ruwan gishiri, ana sayar da shi kamar garin ƙasa-ƙasa. Gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi a yanke gindinta a kifa ta, a zuba ruwa lita ɗaya, gishiri marar aidin giram 25 zuwa 30, ƙwan rubu'in cokalin shayi, a zura tiyon iska har ƙasa ya riƙa juya su. A digiri 26 zuwa 28 suna ƙyanƙyashewa cikin awa 24 zuwa 36. A sanyin Jos sai su kai kwana biyu ko uku, ko su ƙi, don haka a tsayar da gorar a cikin tankin da ke da hita. In sun fito a cire iska minti biyar, ɓawon ya taso sama, su kuma su taru ƙasa launin lemo. A zuƙo, a tace a ƙyalle, a ɗauraye gishirin. A ba da su a ranar, don in sun kwana amfaninsu ya ragu. 'Ya'yan gofi ba abin da ke girmar da su kamarsa. In babu, gwaiduwar dafaffen ƙwai kamar kan ashana, a matse ta cikin ƙyalle a ruwa, amma tana ɓata ruwa fiye da komai.

Da damina abinci kyauta ne. Tana, a ajiye ta a jiƙaƙƙen ƙyalle ta kwana ta fitar da ƙasar cikinta, a yayyanka, ba daga gonar da aka yi wa feshi ba. Shinge da ke fitowa a ruwan farko, a cire fukafukai, sau biyu a mako ya isa don maiƙo gare shi. Kyankyason gida da ƙudan da aka tsinta a mace a bar su, ba a san abin da ya kashe su ba. Kududdufan haƙar kuza na wajen Bukuru da Rayfield kuwa, ana samun ƙumar ruwa, ƙananan halittun da kifi ke ci, a wasunsu, amma tare da matsattsaku da tsutsar mazari take zuwa, ita kuma tsutsar mazari ɗaya tana iya ƙarar da 'ya'yan gofi a mako.

Af, wani abu da yawancinmu ba mu sani ba: akwai ɗan kifi mai jajayen ɗigo da ke rafuffukan ƙasar nan, Fundulopanchax gardneri, wanda masu kiwon kifin ado a Turai da Amurka ke riƙe da wani jinsinsa da sunan tudun Jos. Shi ma macin ƙwari ne kamar beta, kuma ya fi beta jure ɗan sanyi.

Mai Akwariyom, Bukuru

Haɗin Anti yana da kyau, gyara ɗaya zan yi. Kada ya zama shi kaɗai wata da watanni, don dafuwa tana kashe bitamin C, kuma ƙarancinsa ke kawo lanƙwashewar baya ga ƙananan kifi. A riƙa cakuɗawa, kwana huɗu na gwangwani, biyu na gida, ɗaya hutu. Fis ma magani ne na kwana biyu, ba abincin kullum ba. In an yi azumin, an ba da fis, ruwa ya kai 23, kifin bai daina kifewa ba bayan mako biyu, to jakar iskar ce da kanta, abinci ba zai gyara ta ba. Sai a rage zurfin ruwa a riƙa ba shi da hannu.

Wajen saye, abubuwan da aka haɗa ana jera su ne daga mafi yawa. In garin kifi ko jatan lande ne a farko, to. In alkama da waken suya suka cinye layin farko, na beta dai bai yi ba. A duba ranar lalacewa, a sayi ƙaramin gwangwani wanda zai ƙare cikin wata uku zuwa huɗu da buɗewa. Kada a ajiye shi a kan murfin tanki inda fitila ke gasa shi tururi na shiga, kada a sa jiƙaƙƙen yatsa. Wanda ake aunawa a leda ba a san ranar da aka farke buhunsa ba, a damshin Yuli da Agusta kuma yana fumfuna. In ya dunƙule, ko yana warin tsohon man gyaɗa, a zubar.

Ragowar na tarwadan da ke hannunki, in bai lalace ba, ki daka kaɗan ki tankaɗe, gofi za su iya ci sau ɗaya ko biyu a mako. Sabon felet kuma in sun tofar a ranar farko ba komai, golfish dama yakan ɗauka ya juya a baki ya fitar kafin ya yarda. A ba su kwana biyar.

Maman 'Yan Biyu, Unguwar Rogo

Allah Ya ƙara sani. Tambaya ta ƙarshe, za mu yi tafiyar biki Bauchi kwana biyar a ƙarshen wata. In bar wa maƙwabciya gwangwanin ta riƙa zuba musu?

Dattijon Rayfield

A'a, gwangwanin ki ɓoye shi. Kwana biyar ba sa buƙatar komai. Ki canja kashi ɗaya cikin uku na ruwan ana jibi tafiya, ki ba su abincin da suka saba ranar ƙarshe, kada ki ƙara don guzuri. Farin dunƙulen nan da ake sayarwa wai na masu tafiya kada ki jefa, narkewa yake ko an ci ko ba a ci ba. In hankalinki ba zai kwanta ba, ki ƙulle ci ɗaya a 'yar takarda, ki rubuta ranar Laraba a kai, ki ce mata in ta zo ta tarar ba wuta ta mayar da ita aljihu. Abin da za ta duba miki shi ne ma'aunin zafi da ko kumfa na tashi.